Ɗora Wa Tsohuwar 911 Babban Inji: Abin Da Za A Auna Kafin A Kwance Noti

Duk wanda ya san tashoshin lodi na Arewa, daga Dawanau zuwa Maigatari, daga Potiskum zuwa Illela, ya san Marsandi mai gajeren hanci da ake kira 911. Kamfanin Mercedes-Benz ya fara fito da wannan siffa a 1959, ya ci gaba da ƙera ta domin kasuwannin waje har cikin shekarun 1990, kuma masana'antar ANAMMCO da ta fara aiki a Enugu a 1980 ta ƙara yawaita manyan motocin Marsandi a Najeriya. Yau da yawansu sun girmi direbobinsu. Shasi yana nan daram, amma inji ya sha gyara har ya gaji, sai ka ji mai mota ya shigo gareji yana cewa: "Malam, tunda za a sauya, a sa mata babba kawai."

Ana iya sa mata babba, kuma idan an yi aikin da kyau mota takan dawo da ƙuruciyarta. Sai dai ɗaga inji da sarƙa a sauke shi cikin shasi shi ne mafi sauƙi a duk aikin. Wahalar tana wajen giya, da kuloci, da farfela, da lagireto, da birki, domin dukkansu an auna su ne da ƙarfin tsohon injin.

Mu fara da lambar da ke jikin motar, don ita ce ke faɗin abin da kamfani ya gina. A tsarin Marsandi, lambobin farko nauyin mota ne da kayanta a tan, biyun ƙarshe kuma ƙarfin doki ne idan aka ƙara sifili. Ke nan 911 tan 9 ce da doki 110, 1113 tan 11 da doki 130, 1924 kuwa tan 19 da doki 240. A rubuta lambar farko a ajiye. Sauya inji yana taɓa lambar ƙarshe ne kaɗai. Ta farko tana nan yadda take ko da wane irin inji aka ɗora.

Injin da aka fi samu a 911 da 1113 shi ne OM352, mai silinda 6 a jere, lita 5.7, wanda ya fito a 1964. Marar tobo yakan ba da doki 110 zuwa 130. Magajinsa shi ne OM366 da ya fito a tsakiyar shekarun 1980, lita 6 ba kaɗan: faɗin silinda ya tashi daga milimita 97 zuwa 97.5, tafiyar fistin daga 128 zuwa 133. Marar tobo doki 136 ne, OM366A mai tobo kimanin 170, OM366LA mai tobo da na'urar sanyaya iska kuwa ya haura 200. Sai babban yayansu OM355 na cikin 1924, lita 11.6, doki 240, wanda wasu masu mota ke kwaɗayi saboda sun ga yadda yake jan tirela.

Ra'ayina a fili yake: ga 911 da 1113, OM366A shi ne zaɓin hankali. Gidansu ɗaya da tsohon, girman jikinsu kusan ɗaya, saboda haka yakan zauna ba tare da an yanka bonet ko an tura lagireto gaba ba. Tobo kuma yana da amfani na musamman ga mai bin hanyar Jos, domin inji marar tobo yakan rasa kusan kashi ɗaya cikin ɗari na ƙarfinsa a kowace mita 100 da aka hau, Jos kuwa tana kan tudu na kimanin mita 1,200. OM355 ban ba da shawararsa a ƙaramin shasi ba. Ya fi tsayi, ya fi nauyi nesa ba kusa ba, nauyin nan kuma kan aksul ɗin gaba da sifirin da sitiyari zai sauka. Ga wani abin da ba a cika lura da shi ba: OM352 yana juyi har 2,800 a minti, OM355 kuwa a 2,200 yake tsayawa. Idan ba a taɓa haƙoran aksul ɗin baya ba, motar da ke kai kilomita 85 a awa za ta koma kimanin 67. Mai mota ya kashe kuɗi don gudu, ya samu raguwar gudu. Ko OM366A ma, da yake 2,600 ne iyakarsa, 85 ɗin nan za ta koma wajen 79, amma zai biya ka a hawa, inda za a rage sauko da giya.

Akwai masu cewa a bar tsohon OM352 a ɗaura masa tobo kawai. Injin da kamfani ya yi da tobo fistin ɗinsa daban ne, yana da ƙananan bututu masu fesa baƙin mai a ƙarƙashin fistin don sanyaya shi, kuma saitin famfon injekta daban ne. Wanda ya ɗaura tobo a kan gajiyayyen inji marar waɗannan, ƙarshen injin ya matso da shi kusa.

Sayen injin

Yawancin injinan nan 'yan Beljiyam ne, ana samunsu a Ƙofar Ruwa a Kano, da Panteka a Kaduna, da Ladipo a Legas. Kada ka je kai kaɗai, ka tafi da bakaniken da zai ɗora shi, ku kuma tafi da gejin baƙin mai na hannu. A tayar da shi da sanyinsa a gabanku. Injin da aka riga aka ɗumama kafin ku iso yana ɓoye rabin laifinsa. Idan ya yi zafi a duba geji: a silo kada ya gaza 0.5 a ma'aunin bar, idan an taka totur sosai kada ya gaza 2.5. A buɗe murfin zuba mai a ga ko yana huci da ƙarfi, alamar zoben fistin ya ci. A cire tiyon tobo a taɓa sandar fankarsa: ɗan motsi gefe da gefe ba laifi, amma idan tana taɓa bango ko tana kai da komo gaba da baya, a saka kuɗin tobo cikin ciniki. Idan mai kaya ya yarda, a kwance tukunyar baƙin mai a ciro metal ɗaya, a bayansa za a ga ko kiranshaf bai taɓa zuwa wurin yanka ba ko an yanka shi milimita 0.25 ko 0.50.

Sai tambayar da ta fi duk waɗannan: daga jikin me aka ciro shi? OM352 da OM366 ba a mota kaɗai suka yi aiki ba, an sa su a janareto, da injin girbi, da motocin gini. Na janareto an saita gwamnan famfonsa ya tsaya a juyi 1,500 ko da me ake ciki, ba zai bi ƙafar direba yadda na mota ke yi ba. Tukunyar mai da gidan fulawil da mazaunin kwamfuresa su ma sukan bambanta. Irin wannan yakan zo da araha, amma kuɗin mayar da shi na mota yakan cinye rangwamen. A nemi wanda ya fito daga babbar mota, a kuma saye shi da kayansa cikakku: kik, altaneta, kwamfuresa, fulawil da gidansa, fanka, da kujerun inji. Rasit mai ɗauke da lambar injin da takardar kwastan su zo hannu kafin kuɗi su fita.

Kafin a kwance tsohon, a tsayar da mota a daidaitaccen wuri, a sa waigi a tayoyi, a cire batir, a sauke iskar tanki. Sannan a ɗauki awo a rubuta a takarda: tsayin tsakiyar kiranshaf daga saman shasi, tazarar inji daga hannun dama da hagu, karkatar inji zuwa baya a digiri, tazarar fanka da lagireto, tazarar tukunyar mai da aksul ɗin gaba. Wayar hannu ma tana auna digiri yanzu. A ɗauki hoton kowace waya da kowane tiyo, a ɗaura musu alama. Wannan aikin rabin yini ne, kuma shi ne zai hana sati guda na kame-kame daga baya. Kada kowa ya shiga ƙarƙashin inji yana rataye a sarƙa, musamman yaran gareji da ake yawan turawa su daidaita noti.

Giya, kuloci da farfela

A nan ne yawancin aikin ke lalacewa, don haka zan daɗe a kai. Abin da ke karya haƙoran giya shi ne ƙarfin murɗawar inji, wanda tobo ke ƙarawa fiye da yadda yake ƙara doki. Marsandi ta sauƙaƙa mana lissafi, domin ta rubuta iyakar kowane giyabos a farantin da ke jikinsa. Idan ka ga G3/60-5/7,5, lamba 60 ita ce ƙarfin murɗawar da zai iya ɗauka a ma'aunin mkp, 5 yawan giya ne, 7,5 kuma nauyin giya ta ɗaya. OM352 marar tobo ba ya wuce kimanin 36 zuwa 37, shi ya sa ake samunsa da G3/36 ko G3/40. OM366A yana kai wajen 57. Ka ga ke nan wanda ya haɗa shi da G3/36 ya ɗora wa giyabos fiye da rabin iyakarsa a kan iyakarsa. Zai ɗaure, noti zai shiga, mota za ta tashi ta yi tafiya, mai mota ya yi murna. Bayan 'yan watanni sai giya ta fara kuka, ta fara fita da kanta a hawa, wata rana kuma haƙori ya zube da lodi a tsakiyar daji. Ga OM366A a nemi G3/60. OM366LA ya haura 60, OM355 ya haura 80, su sai giyabos mafi girma, wanda shi ma zai jawo sauya farfela da mazauninsa. In da hali, a sayi inji da giyabos ɗinsa a haɗe yadda suka fito daga mota ɗaya; babu abin da ya fi wannan kwanciyar hankali.

Kuloci ma haka. Tsofaffin sukan zo da faifai mai faɗin milimita 280 ko 310, manyan OM366 kuwa har 350. A yi amfani da kulocin da ya dace da fulawil ɗin sabon injin, a tabbatar haƙoran tsakiyar faifan sun yi daidai da sandar giyabos, a sa sabon boris a tsakiyar fulawil da sabon boris na matsa kuloci tun inji yana ƙasa. Idan dole sai an yi farantin haɗi tsakanin inji da giyabos, mai injin yankan ƙarfe ne zai yi shi, kuma a auna da agogon awo a tabbatar kaucewar tsakiya ba ta wuce kimanin milimita 0.2 ba. Farantin da aka huda da ido a bakin titi shi ne ke sa mota cin kuloci da boris duk bayan wata biyu, a yi ta zargin kayan gyara alhali laifin yana wurin haɗi.

Wajen zaunar da inji, awon da aka rubuta tun farko shi ne jagora. A rataye inji da giyabos a haɗe, a kawo tsakiyar kiranshaf daidai inda tsohon yake, da karkata iri ɗaya, sannan a ƙera kujeru su zo su same shi. Kada a ja inji ya je ya sami tsofaffin ramuka. Shasi kuma yana da doka: ba a walda ko huda leɓensa na sama da na ƙasa, domin su ne ke ɗauke da lodi, kuma daga nan tsagewa ke farawa. A huda a bangon tsakiya, nesa da leɓe, da na'urar huji ba da wutar gas ba, a ɗaure da kusoshi masu lamba 10.9. Robobin kujera su zama sababbi duka. A bar wa tukunyar mai sarari isasshe a saman aksul ɗin gaba, a tuna cewa sifirin yana nutsewa idan mota ta faɗa rami da kaya. Idan cikin tukunyar ya faɗo daidai kan aksul, sai a sauya ta tare da bututun tsotson manta, ba a sauya ɗaya a bar ɗaya.

Farfela tana son abu uku. Fuskar da ke bayan giyabos da fuskar da ke gaban aksul su kalli juna a layi ɗaya, bambancinsu kada ya wuce digiri 1. Karyewar kowane kuros ta zama kaɗan, wajen digiri 1 zuwa 3. Kunnuwan kuros na gaba da na baya kuma su kasance a jere, kada a zare farfela a mayar da ita haƙori ɗaya a karkace. Idan tsayi ya canza, a kai ta inda za a yanka a kan injin juyi a kuma daidaita nauyinta. Girgizar da direba ke ji a kujera idan mota ta kai wani gudu, sau da yawa daga nan take, kuma ita ce ke kashe boris ɗin bayan giyabos.

Ruwa, iska da hayaƙi

Kusan kashi ɗaya cikin uku na zafin man da inji ya ƙona lagireto ne ke fitar da shi. An tashi daga doki 130 zuwa 170, zafi ma ya ƙaru da kusan kashi 30 cikin ɗari, ga shi kuma a watan Afrilu Sakkwato da Maiduguri sukan wuce digiri 40. Tsohon lagireton da aka toshe wa layuka da dalma ba zai iya ba. A sa sabon ciki mai ƙarin layi, a sa murfi mai riƙe matsi, a kuma mayar da kwanon da ke kewaye fanka. Ana yawan jefar da kwanon nan a gareji, alhali in babu shi fanka iskar gefe take ja, ta bar lagireto. Maganar tamostat kuwa, na san kanikawa da yawa suna cire shi da sunan ƙasarmu da zafi. Ban yarda da wannan ba. A irin waɗannan injinan, idan ya buɗe shi ne ke rufe gajeriyar hanyar da ruwa ke bi ya koma inji bai shiga lagireto ba; in an cire shi, wani ruwan zai riƙa zagayawa da zafinsa. Da sanyin asuba na hunturu kuma injin zai daɗe bai ɗumama ba, silinda na ci. A saya sabo a saka. Mai OM366LA kuma lallai ya nemi wa na'urar sanyaya iska wuri a gaban lagireto, don an saita mansa ne da ita.

Tsohuwar tukunyar iska mai baƙin mai a ƙasa an yi ta ne daidai numfashin OM352. Inji mai tobo ya fi jan iska, yana iya tsotse man tukunyar ya shige da shi. A sa busasshiyar filta ta takarda mai girman da ya dace, a ɗaga bakinta sama inda ƙura ta yi sauƙi, a ɗaure kowane tiyo tsakaninta da tobo da kilif mai kyau. Ƙaramar ɓula a wannan layin, a lokacin hunturu, ta isa ta cinye zoben fistin cikin kaka ɗaya. Salansa ma a faɗaɗa ta daidai bakin tobo, a sa gaɓa mai lanƙwasa kusa da shi don kada nauyin bututu ya tsaga shi, a kuma nisanta ta da tiyon birki da wayoyi.

Wuta da mai ba su da wahala in an kula. A duba ko kik da altaneta na 12 ne ko na 24, su dace da na motar. Na'urorin da ke aika wa geji zafi da matsin mai a ɗauko na tsohon injin in sun shiga, don su ne suka san gejin da ke gaban direba. A wanke tanki, a sa filta mai raba ruwa da gas, a tabbatar totur yana kaiwa ƙarshe yana kuma dawowa da kansa.

Birki ba a barinsa sai an ga hali. Waɗannan motoci mai ne ke kama birkinsu, iska ce ke taimaka wa ƙafa, iskar kuwa daga kwamfuresan sabon injin za ta fito, saboda haka a gwada lokacin da take ɗauka ta cika tanki, a saurari yoyo bayan an kashe inji. A sa sabon lainin, a auna durom, a sauya robobi da tiyo. Birkin salansa, wanda ke toshe hayaƙi ya riƙe mota a gangara, lallai a haɗa shi ya yi aiki. Mota mai sabon ƙarfi za ta iso saman tudu da sauri fiye da da, amma a gangaren Hawan Kibo birkin da ta zo da shi tun asali ne zai sauko da ita.

Ranar tayarwa, a saita bawul da sanyi, kuma a kula: OM352 marar tobo milimita 0.20 ne na shiga, 0.30 na fita, OM366 kuwa 0.40 da 0.60. Hannun da ya saba da tsohon yakan saita sabon da awon tsohon, bawul ya ƙone. A zuba baƙin mai ta bakin bututun tobo, a juya inji da kik ba tare da ba shi gas ba har geji ya motsa, a fitar da iska daga layin mai da famfon hannu. Mutum ɗaya ya tsaya da faffaɗan katako kusa da bakin iska. Idan inji ya kwace ya ƙi mutuwa, da katakon ake toshe shi, ba da tafin hannu ba. A bar shi ya yi zafi a silo ana duba yoyo, a fita gwaji babu kaya, sannan da rabin kaya a hanya mai hawa, ido na kan gejin zafi. Bayan tafiyar farko a sake bin kusoshin kujeru da na farfela da kilif-kilif, a sauya mai da filta da wuri tunda ba a san tsawon zaman da injin ya yi ba. A kuma koya wa direba sabuwar ɗabi'a: kada ya taka totur da zarar ya tayar, kada kuma ya kashe nan take bayan doguwar tafiya, ya ba tobo minti biyu ko uku a silo.

Saura takardu. Lambar inji tana cikin takardun mota, don haka a je ofishin lasisi da rasit da takardar kwastan a sauya ta, a sanar da kamfanin inshora, a kai wa jami'an VIO su duba. Yin haka ya fi tsayawa dogon bayani a shingen hanya da kayan mutane a baya.

Kai kuma maigida mai mota, ga roƙona gare ka. Ranar da direba ya dawo ya ce maka yanzu tana hawa kamar ba ta ɗauki komai ba, zuciya za ta raya maka a ƙara buhu ashirin, a ƙara ganyen sifirin, a ɗaga bodi. Kada ka yarda. Aksul, da tayoyi, da shasi, da durom ɗin birki duk na tan 9 ne ko 11, yadda aka rubuta a jikinta. Ka ɗauki ribarka a saurin zuwa da dawowa da raguwar kwana a gareji, ka bar lodi inda yake, domin akwai direba da yaran mota a kanta, akwai kuma jama'a a kan hanya.